ZARE: Tarihin ƙwayar kwalara, daga sansanin mahajjata na El Tor zuwa rijiyoyin Makarfi

1/ Damina ta zauna, kududdufai sun cika, kuma duk wanda ya tashi a yankinmu na Ikara, Makarfi da Kudan ya san abin da ake fargaba daga Yuli zuwa Satumba: amai da gudawa. Yau tarihin ƙwayar da ke kawo ta zan ba ku. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Wani ƙanina da ke karatu a kwalejin lafiya ta Makarfi ne ya tsokano ni. Ya ce, "Yaya, ƙwayar nan an ce tafasa na kashe ta, tsami na kashe ta, ko bushewa kawai ta yi ta mutu. To ya aka yi ta gagare mu shekara hamsin da ɗoriya?" Na ce masa wani ɓangaren amsar yana bayan gidajenmu, inda masai ke maƙwabtaka da rijiya. Sauran yana cikin jikin ƙwayar kanta, kuma shi ne ba a cika faɗa mana ba.

3/ Sunanta Vibrio cholerae. Bakteriya ce mai lanƙwasa kamar waƙafi, da ɗan wutsiya guda da take iyo da shi. Kamar kowace halitta tana ɗauke da DNA, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin gado. Ku ɗauki kowace ƙwayar gado a matsayin umarni guda: ga yadda za ki haɗa kaza, ga lokacin da za ki haɗa shi. A 2000 aka karance na wannan ƙwayar kakaf: harafi kusan miliyan 4, umarni kusan 3,900, a cikin kundi biyu.

4/ Asalin gidanta ba cikin mutum ba ne. Ruwa ne, musamman bakin kogi inda yake haɗuwa da teku, mai ɗumi da ɗan gishiri-gishiri. Tana da dangi sama da 200, kuma galibinsu ba ruwansu da kowa. Biyu ne kacal ke tayar da annoba, O1 da O139.

5/ Daga 1817 zuwa 1923 sau shida kwalara na tasowa daga yankin Bengal, inda kogin Ganges ke shiga teku, ta zaga duniya. A 1854 wani likitan Italiya, Filippo Pacini, ya hango ƙwayar a hanjin mamata a birnin Florence, aka yi watsi da shi. A shekarar ce kuma John Snow ya sa aka cire hannun famfon Broad Street a Landan bayan ya lura masu mutuwa daga nan suke ɗibar ruwa.

6/ Sai 1884 Robert Koch na Jamus ya tabbatar da ita a Kalkata. Kun san inda ya same ta ban da cikin marasa lafiya? A wani tafki na unguwa da ake wanka, ake wanki, ake kuma sha. Wato dai kududdufi.

7/ Duk wannan zagayen ƙasar Hausa na gefe. Ta taɓa Senegal da Gambiya a 1868 da 1869, amma daga ƙarshen ƙarni na 19 Afirka ta Yamma ta huta da ita shekaru da dama. Kakanninmu sun san agana, sun san sanƙarau, sun san kurkunu. Kwalara baƙuwa ce, akwai dattawa a Hunkuyi da Paki da suka girme ta a ƙasar nan.

8/ Yanzu ga inda labarin tamu ƙwayar ya fara. A 1865 kwalara ta shiga Makka lokacin aikin Hajji ta kashe dubban alhazai, daga nan ta bi jiragen ruwa ta shiga Masar da Turai. Saboda haka aka riƙa tsare mahajjata a sansanonin killacewa a hanyar komawa gida. Ɗaya daga ciki yana garin El Tor, a gaɓar Sinai.

9/ A 1905 wani likita Bajamushe a sansanin, Felix Gotschlich, ya ciro ƙwaya daga gawarwakin mahajjata shida. Kamanninta na kwalara sak, amma mutanen ba kwalara ce ajalinsu ba. Aka sa mata sunan garin, aka ɗauke ta 'yar uwar kwalara marar ƙarfi, aka ajiye. A 1937 ta yi ɓarna a tsibirin Sulawesi na Indonesiya, nan ma aka ce abin na gida ne, ba zai je ko'ina ba.

10/ A 1961 ta fito daga Sulawesi. A 1964 tana Indiya, 1965 tana Iran, 1970 tana Tarayyar Sobiyet da Turkiyya. Wannan ita ce annoba ta bakwai, kuma har yau da nake wannan rubutu ba ta ƙare ba. Abin mamaki, a hanya ta kori tsohuwar ƙwayar daga gidanta na Bengal, har aka daina ganinta a shekarun 1990.

11/ Me ya ba wadda aka raina nasara? Rashin zafinta na daga ciki. Tsohuwar tana kwantar da mutum nan take. Ita El Tor, mafi yawan waɗanda ta shiga ba sa ma sanin suna ɗauke da ita, ko su yi ɗan zawo su miƙe. Mutum na cin kasuwarsa, yana hawa mota, yana zubar da ita a bayan gida har kwana 10. Sannan ta fi tsohuwar daɗewa a ruwa da abinci.

12/ Agustan 1970 ta sauka Gini. Gwamnatin Sekou Toure ta ƙi amsa cewa kwalara ce, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gaban kanta ta sanar. Daga nan ta rabu biyu. Ɗaya ta bi gaɓar teku da masunta har Legas a ƙarshen shekarar. Ɗaya ta faɗa Mopti a Mali, ta bi kogin Kwara zuwa Nijar, ta kai tafkin Chadi a 1971.

13/ A 1971 Najeriya ta ba da rahoton mutum 22,931 da suka kamu, 2,945 suka rasu. Lokacin mu muna Jihar Arewa ta Tsakiya, ko sunan Jihar Kaduna ba a raɗa ba. Kuma wannan lissafin na waɗanda suka kai asibiti ne. Wanda ya fara gudawa da asuba a ƙauyen da ba mota, aka yi masa sutura kafin la'asar, babu mai rubuta shi.

14/ Sai 1991: mutum 59,478, mamata 7,654. Wannan kam na shaida da idona ina yaro. A wani gida kusa da namu mutum uku suka tafi cikin mako guda, kuma biyu na ƙarshe cikin waɗanda suka yi jinyar ta farkon ne. Manya suka ce iska ce ta ratsa gidan. Allah Ya jiƙansu. Ku riƙe labarin nan, zan dawo kansa.

15/ To bari mu shiga cikin ƙwayar. Abu na farko da zai ba ku mamaki: dafin da take kashe mutane da shi ma ba nata ba ne, aro ta yi. A 1959 wani likitan Kalkata, Sambhu Nath De, ya nuna cewa dafi ne ke sa hanji ya yi ta tsiyayar da ruwa. A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos a Jami'ar Harvard suka gano cewa umarnin haɗa dafin na wani bairos ne.

16/ E, bakteriya ma tana da nata bairos da ke kama ta. Wannan da ake kira CTX ya shige ta, ya liƙa nasa umarnin a cikin kundinta, ya zauna. Ƙofar da ya bi kuwa wasu 'yan gashi ne a jikinta, waɗanda da su take manne wa hanjin mutum, kuma su ma umarninsu daga waje ta samo shi a dunƙule. Ƙwayar ruwa ce kawai da ba ta da laifi, ta tsinci makami biyu.

17/ Dafin yana sa bangon hanji ya riƙa tura gishiri waje, ruwa ya bi shi. Mai tsananin ciwo na iya zubar da lita guda a awa guda, fari kamar ruwan wankin shinkafa. Idan ba a mayar masa da ruwan ba, kusan rabin irin waɗannan ba sa tashi. Idan an mayar a kan lokaci, ko ɗaya cikin ɗari ba ya mutuwa.

18/ Amma kafin ta kai hanji sai ta ratsa tumbi, kuma tumbin mai lafiya tsaminsa ya fi na lemun tsami. Nan ne makasarta. A gwajin da aka yi da 'yan sa-kai a Amurka, sai an ba mutum ƙwaya miliyan ɗari ko fiye a ruwa kafin ya kamu. Da aka fara ba su soda ta kwantar da tsamin cikin, adadin ya faɗo zuwa dubbai.

19/ Shi ya sa mai fama da yunwa da mai shan maganin olsa suka fi saurin kamuwa. Kuma ni a nawa ganin, lokacin annoba ba lokacin jiƙa kanwa a sha don ciki na murɗa ba ne. Ƙofa kake buɗe mata.

20/ Ita ma ba ta zo hannu rabbana ba. Tana da wata ƙwayar gado, cadA, da take kunnawa da zarar ta ji tsami, ta haɗa sinadarin da ke rage tsamin da ya shige ta. Ba ya hana ta mutuwa a tsami mai ƙarfi, amma yana saya mata 'yan mintuna. Wani lokacin su kaɗai take buƙata, musamman in ta shigo a lulluɓe cikin lomar abinci.

21/ Wannan raunin nata ya taɓa fitowa fili a maƙwabtanmu. A annobar Mali ta 1984, shekarar fari, masu bincike sun gano cewa kunun gero da ya kwana yana cikin abin da ya yaɗa ta. A da ana dama shi da nono mai tsami, kuma a gwaji ƙwayar ba ta rayu a irin wannan ba. Fari ya kashe awaki, nono ya yanke, kunu ya zama gidan ƙwaya.

22/ A Konakiri kuma a 1986 aka ga masu cin miyar gyaɗa da ta kwana sun fi kamuwa, masu cin miyar tumatir sun fi tsira. A Gini Bisau aka samu irin haka da matsa lemun tsami a miya. Mutanen Ikara, ga wata darajar tumatirinku da ba a faɗa a kasuwa. Amma kar wani ya ce na ce fura da nono riga-kafi ce. In an sirka da ruwan da ba a san asalinsa ba, a ƙoƙon da aka ɗauraye da shi, magana ta canza.

23/ Mu koma gidan maƙwabtanmu na 1991. A 2002 Andrew Camilli da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayar da ta fito daga cikin mutum yanzun nan ta fi wadda aka raina a ɗakin gwaji iya kamu nesa ba kusa ba, a gwajin ɓeraye har ninki ɗaruruwa, kuma tana riƙe wannan kaifin aƙalla awa 5. Wasu umarnin ne take kunnawa, ta kashe wasu.

24/ Kenan mafi haɗarin wuri a duk garin shi ne gefen tabarmar marar lafiya. Mai kwashe fo, mai wanke zani, mai wankan gawa, da wadda za ta tashi daga nan ta dama wa 'yan zaman makoki kunu. Ba iska ba ce ta ratsa gidan nan. Hannu ne, kuma hannun masu ƙauna.

25/ Wani abin da ya fi burge ni: ƙwayoyin suna ƙidaya junansu. Kowace na sakin wani sinadari kaɗan. Idan ya taru da yawa sun san sun cika hanjin. Sai wata ƙwayar gado, hapR, ta ba da umarni: a daina dafi, a saki bango, a fita. Bonnie Bassler ta Jami'ar Princeton ta yi suna a kan wannan binciken.

26/ Kafin su fita har guzuri suke haɗawa. Suna tara sukari a jikinsu, su fara kunna umarnin zaman ruwa tun suna cikin hanji, don sun san inda za su babu ɗumi, babu abinci. To, "sun san" dai a bakin magana. Ba tunani suke ba. Waɗanda ba su da wannan tsarin sun mutu tuntuni, jikokin masu shi ne suka iso gare mu.

27/ A cikin ruwa babbar dabararta ita ce yauƙi. Ku sa yatsa a cikin jarkar da ta yi wata ba a wanke ba, ko gindin randa. Santsin nan da kuka ji ba datti ne kawai ba, gari ne guda na ƙwayoyi iri-iri da suka gina wa kansu katanga. Ita ta kwalara tana da jerin ƙwayoyin gado da ake kira vps, aikinsu kenan. Fitnat Yildiz da Gary Schoolnik ne suka fayyace su a 1999.

28/ Wani lokaci takan rikiɗe ta yi ta zubo yauƙin fiye da kima, har in an shuka ta a faranti sai ka ga ta yi tamoji. Bayan annobar Peru ta 1991 aka gwada su biyun da kulorin. Mai sulɓin jiki ta mutu cikin daƙiƙoƙi. Mai tamoji kuwa an samu masu rai a cikinta bayan minti 30, a kulorin da ya ninka wancan ƙarfi.

29/ Kar a fahimce ni a baibai, kulorin na aiki, shi ne ya raba manyan biranen duniya da kwalara. Abin da binciken ke nunawa shi ne jefa ƙwayar Aquatabs a jarka mai yauƙi, ko a ruwa mai laka, rabin aiki ne. A wanke mazubin da sabulu a goge cikinsa, a bar ruwan ya kwanta a tace, sannan a sa magani a jira minti 30.

30/ Annobar Kano ta 1995 zuwa 1996 ta kama mutum kusan 5,600, ta kashe 340. Binciken da aka yi a kanta ya nuna abu biyu: shan ruwan 'yan ga-ruwa ya ƙara haɗari, wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ya rage shi. Ba laifin mai tura kura ba ne shi kaɗai, neman halalinsa yake. Amma jarka 12 da ke zaga unguwa kullum, yaushe rabon a leƙa cikinsu?

31/ Sai dabarar kwanciya. A 1982 ɗakin binciken Rita Colwell a Jami'ar Maryland ya nuna cewa idan sanyi ko yunwa ta matsa mata, ƙwayar takan ƙanƙance ta dunƙule, ta rage komai. In ka shuka ta a faranti ba za ta tsiro ba, sai ka rantse ruwan lafiya lau. Alhali tana da rai. Kamar kwaɗon da ya shige ƙarƙashin busasshiyar fadama yana jiran ruwan farko.

32/ Colwell ta kuma nuna tana manne wa wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa, dangin jatan lande, tana cin ɓawonsu. Dattawanmu sun san danginsu ko da ba su san sunansu ba, domin irinsu ne ke ɗauke da kurkunu. Wanda ya tuna ƙyallen tace ruwa da aka riƙa rabawa a ƙauyuka lokacin yaƙi da kurkunu, wanda Jimmy Carter da Janar Gowon suka sa wa hannu, ya riga ya san inda zan dosa.

33/ A Matlab ta Bangladesh aka koya wa matan ƙauyuka 65 su ninka tsohon zaninsu sau huɗu su tace ruwa da shi. Sakamakon da aka buga a 2003: kwalara ta ragu da kashi 48 cikin ɗari. Zanin bai isa ya tare ƙwayar ita kaɗai ba, amma yana tare abin da take maƙale a jiki. Mu nan an ga kurkunu na ƙarshe a 2008, aka tabbatar mana a 2013, sai muka ninke ƙyallen muka ajiye.

34/ A kan ɓawon nan ne kuma take sata. A 2005 aka gano cewa da ta ji ɓawon sai ta kunna umarnin zuƙo DNA da ke yawo a ruwa. A 2015 Melanie Blokesch a Suwizalan ta nuna abin ya wuce tsintuwa: tana da wani ɗan mashi da take soke maƙwabciyarta da shi, ta fashe, ta kwashe nata umarnin. In akwai mai amfani a ciki ta riƙe.

35/ El Tor ta annoba ta bakwai tana da wasu gungun umarni biyu da tsohuwar ba ta da su, VSP-1 da VSP-2. An daɗe ana mamakin aikinsu. Binciken 'yan shekarun nan ya nuna akwai na kare kai daga bairos masu cin bakteriya a cikinsu. Wanda bairos ya shiga sai ya kashe kansa kafin abin ya yaɗu ga 'yan uwa.

36/ Sannan ga matsin da mu muka ƙirƙira da hannunmu: magani. An samu wani dunƙulen umarni mai suna SXT a ƙwayar da ta ɓulla a Madras a 1992. Yana ba ta kariya daga magunguna da dama a lokaci guda, har da Septrin ɗin nan da kowane kemis ke miƙo maka in ka ce cikinka ya ɓaci. Kuma yana tsallakawa daga wata ƙwayar zuwa wata.

37/ Ga abin takaicin: an nuna cewa wasu magungunan, irin su sifro, idan suka razana ƙwayar ba su kashe ta ba, suna ƙara sa dunƙulen nan tsallakawa. Ƙwayoyin da aka ɗebo a Najeriya da Kamaru a 2009 an same su sun fara taurin kai ga sifro ɗin. Shekara ta gaba, 2010, muka yi mutum 41,787, mamata 1,716. Duk mai sayen kafso biyu na naira kaza ya haɗiya ya bar sauran, da shi ake wannan makarantar.

38/ To yanzu tambayar da masana suka daɗe suna ja-in-ja a kai. Shin ƙwayar kwana take a ruwanmu daga damina zuwa damina, ko kawo mana ita ake? Ɓangaren Colwell sun ce ruwa ne ma'ajiyarta, yanayi ke tashe ta. A Bengal, inda akwai bakin teku, hujjarsu da ƙarfi.

39/ A 2017 François-Xavier Weill na Cibiyar Pasteur a Faransa da abokansa suka karance DNA na ƙwaya 1,070, galibi daga ƙasashen Afirka 45. Suka ga tun 1970 an shigo da ita nahiyar nan aƙalla sau 11, duk daga Asiya. Kowace ta yi 'yan shekaru ko shekaru da dama tana yawo, ta ɓace, wata ta maye gurbinta. Na baya-bayan nan sun iso da taurin maganinsu tun daga can.

40/ Har wa yau irin wannan binciken ya nuna ƙwayar da ta afka wa Peru a 1991 daga Afirka ta tsallaka. Ta Haiti kuwa a 2010 dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya daga Nepal ne suka kai ta, kuma 'yar ɗaki ɗaya ce da wadda ke yawo a yankin tafkin Chadi a lokacin.

41/ Ni dai a kan yankinmu na fi karkata ga Weill. Mu ba mu da teku, ruwanmu na daɗi ne, rani kuma na ƙafar da kududdufai ƙaf. Abin da muke da shi hanya ce. Titin Zariya zuwa Kano ya ratsa ta Tashar Yari. Kudan na jingine da Danja da Rogo, Ikara na kallon Tudun Wada. Kasuwar Makarfi na tara masu sayen rake da mazarƙwaila daga jihohi da yawa.

42/ Ba ta buƙatar ta shekara a rijiyarka. Kwana goma a yauƙin jarka, dare guda a tukunyar shinkafa, awa biyar a hannun mai jinya, sun ishe ta ta kai ga mutum na gaba. Duk dabarun da na lissafo gada ce tsakanin ciki da ciki. Damina kuma ita ke kwaso abin da ke masai da bayan gari ta zuba a rijiyar da ba ta da murfi ko dakali.

43/ 2021 ta nuna haka ƙarara. Hukumar NCDC ta ƙirga mutum 111,062 da ake zargin sun kamu, 3,604 suka rasu, a jihohi 33 da Abuja. Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara su huɗu suka kwashi fiye da rabi. Ku duba taswira ku ga inda muke zaune a tsakaninsu. Ana ta maganar korona a rediyo, amma a shekarar kwalara ta fi ta kisa a Najeriya.

44/ Akwai wuri guda da duk wayonta bai kai ba. Dafin yana buɗe hanyar fitar gishiri, amma bai taɓa wata ƙofa a hanji da ke shigar da gishiri tare da sukari ba. In su biyun suka shiga, ruwa na biye da su. A 1971, shekarar da take kashe mu a nan, Dakta Dilip Mahalanabis ya rasa ledojin ƙarin ruwa a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya.

45/ Sai ya haɗa gishiri da sukari a durom, ya sa 'yan uwan marasa lafiya su yi ta ba su da kofi. Mutuwa ta faɗo daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa 3.6. Shi ne ORS ɗin da ke kemis yau. In babu shi a kusa: lita guda ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A fara bayarwa tun a gida, a ci gaba a kan babur har asibiti. Ko yana amai a dakata minti 10 a ci gaba kaɗan-kaɗan.

46/ Riga-kafin ɗigawa a baki akwai shi, an yi amfani da shi a Borno a 2017 da Bauchi a 2018. Sai dai bai wadata ba. A Oktoban 2022 sai da masu kula da rumbunsa na duniya suka koma ba da zubi ɗaya maimakon biyu don ya zaga.

47/ Da na gama yi wa ƙanin nawa wannan dogon bayani sai ya yi dariya, ya ce ashe Iya ta riga Harvard. Kakarmu ke nan. Duk Juma'a sai ta sa an juye randunanta, an goge cikinsu da toka da soso, an kife su a rana har azahar, kuma moɗa ɗaya ce ke shiga, tana rataye a ƙusa, yaro bai isa ya sha da ita ba. Mun sha rankwashi a kan moɗar nan ba kaɗan ba.

48/ Ya ce in sun koma makaranta zai nemi malaminsu ya bar su su shafo cikin jarkokin unguwarsu su shuka a faranti, su ga me zai tsiro. Na ce ya fara da ta ɗakinsu.